Farantin Tsohuwar Lyon

Ina karatu a birnin Lyon na Faransa maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Italiya, ta kawo mini faranti cike da biskit mai tsage-tsage a sama. Kunya ta hana ni tambayar sunansa, don a gidanmu ba a yi wa kyauta tambaya. Kuma ba a mayar da kwano wayam, shi ya sa na riƙe farantin har na koma Paris. Can na gano sunansa amaretti. Ni kaɗai a ɗaki, garin koyon yin sa, na sha ƙona farin ƙwai da sukari kafin hannuna ya faɗa. Ranar da na je Lyon kai mata, baƙuwar fuska ce ta buɗe ƙofa, ta ce tsohuwar ta rasu tun bara. Na juyo da farantinta cike, kamar yadda ta kawo mini shi.