Ranar da Hajiya Ta Saurari Inji

Akwatin Hajiya ya yi wata uku a bakin ƙofar ɗakinmu, a kulle, a ɗaure da igiya. Ɗaki ɗaya muke kwana da ita, saboda haka ni ce mai tuntuɓe da shi safe da yamma. Babban yatsan ƙafata na hagu har yau bai yafe masa ba.

Hajiya kakata ce, mahaifiyar Baba. Ta zo daga Kano shekarar da na cika sha huɗu, aka ce za ta zauna da mu a Wheaton, a hawa na bakwai. Ba ta rufe wata biyu ba ta ce ta ga Amurka ta taga, ya isa haka, a mayar da ita gida. Dalilinta kuwa banɗaki ne. Sau ɗaya aka lallaɓa ta zuwa suna a Alexandria, a hanya ta so kewayawa, aka tsaya a gidan mai. Ta leƙa ta fito da sauri kamar ta ga kura.

"Ba buta, ba ruwa," in ji ta. "Ƙofar ma an yanke mata ƙafa, kowa yana kallon takalmin kowa. Nan zan yi tsarki in yi salla?"

Tun daga ranar ba ta ƙara sauka daga bene ba. Ta haɗa kayanta, ta zauna jiran tikiti.

Ni kuwa ban so ta tafi ba ko kaɗan. Ita kaɗai take min kitso ba tare da ta ja fatar kaina har girata ta koma ƙeya ba. Ita take ɓoye min dambun nama a gwangwanin madara. In na kwaɓa Hausa, ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta gyara min. Ban taɓa gaya mata haka ba, sai dai in ce, "Tsohuwa, in kin tafi gadonki nawa ne." Ta ce, "Ja'ira, da ƙafafun nan naki kamar sandar rake ai ba zai ɗauke ki ba."

Baba ne ya kawo dabara. Injiniyan gadoji ne, kuma duk matsalar duniya a wajensa da takarda da fensir ake kashe ta. Ya ce tunda Hajiya ba ta yarda da banɗakin hanya ba, sai mu riƙa tafiya da namu. Za a nemi ƙaramar mota mai ɗaki a ciki, irin mai gado da murhu da banɗaki, ta hannu, wadda Mama ma za ta iya tuƙawa. Sai dai ya tsaya a abu ɗaya: injin dizal za a saya ko na fetur?

Nan Kawu ya shigo. Ƙanen Mama ne, direban tasi, yana zaune a College Park, kuma a bayan gidansa za a riƙa ajiye motar. Baba ya ce dizal, domin ya fi ƙarfin ja a kan tudu, bai cika shan mai ba, kuma sai jikokinsa sun gaji injin. Kawu ya ce fetur, domin kowane bakanike ya san cikinsa, kowane gidan mai yana da shi.

"Yaya, kai a takarda kake tuƙi," in ji Kawu. "Ni a titi nake yi."

"Shi ya sa motarka take kuka kamar akuya," in ji Baba.

Sati shida suna wannan. Tuwon Mama ya huce sau wajen dubu. Baba ya buga takardu har suka kore mu daga teburin cin abinci. Na fara mafarkin ana tambayata a jarrabawa, dizal ko fetur, ina kuka. Duk wannan hayaniya Hajiya tana gefe tana jan carbi. Babu wanda ya tambaye ta komai.

Dole in bayyana wani abu. Baba ɗan fari ne, don haka Hajiya ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, ko da gwiwarsa tana taɓa tata. Sai ta juyo gare ni: "Ke, gaya wa wancan abincinsa zai huce." Ni kuma in ƙara gishiri: "Baba, Hajiya ta ce tumbinka ya isa, ka bar min naman." Da wannan aiki nawa na ɗan aike aka tafi ganin mota.

Wata Asabar ce. Wani dattijon Bature mai sayar da tsofaffin motoci a ƙauyen Virginia yana da guda biyu masu girma ɗaya, ta dizal da ta fetur, Baba kuma ya yi masa waya cewa muna tafe da ƙarfe sha ɗaya. Hajiya ta yarda ta bi mu bisa sharaɗin ba za ta sha ko kurɓin ruwa ba sai mun dawo. Ta ɗauki sandarta, da darduma, da butarta a cikin leda.

Cikin motocin iri ɗaya ne. Ta shiga banɗakin, wanda bai fi akwatin nata girma ba, ta rufe ƙofa, ta duba ƙasa ta ga ƙofar ta kai har ƙasa. Ta ajiye buta a lungu, buta ta zauna daram. Ta shimfiɗa darduma tsakanin murhu da kujera, ta gwada ruku'u, ta gwada sujada. Sai na ga ta shafa labulen taga.

Baba ya ja mu wajen ta dizal yana murna kamar ango. Baturen ya murɗa makulli, inji ya tashi nan take. Baba ya kalli Kawu, kallon da ya fi zagi. Hajiya kuwa, tun kafin a murɗa makullin, na ga ta ɗora bayan hannunta a kan murfin injin.

"Ke," ta ce, "tambayi mai jan kunnen nan, wa ya tashe shi kafin mu zo?"

Na tambaya, amma na cire maganar kunne. Ya ce yakan ɗan ɗumama su in baƙi za su zo.

"Gaya masa ya buɗe."

Ya buɗe. Sai kakata, mai shekara kusan saba'in, da mayafinta da carbinta, ta ɗora bakin sandarta a jikin injin yana aiki, ta manna kunnenta a ɗaya bakin, ta lumshe ido. Ta matsar da sandar, ta sake saurare. Baturen ya cire hularsa ya sosa kai. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage in shige.

"Hajiya, me kike yi haka? Ana kallonmu!"

"Rufe min baki, ina jin magana." Can ta ɗago. "Gaya wa wancan, ba a sayen inji da ɗumi. A dawo da sassafe, kar a yi waya, a tashe shi yana sanyi."

A mota na tambaye ta ina ta koyi likitancin ƙarfe. Ta dube ni kamar na tambaye ta ina ta koyi tafiya. Ashe bayan rasuwar kakana, injin niƙa ta kafa a zauren gidansu, na dizal, ta yi shekara ashirin da biyu a kansa. Ita take tashinsa, ita take sa masa baƙin mai, ita take kwance shi in ya ƙi. Inji uku ta saya da hannunta, na farkon ne kawai aka cuce ta, shi ma da ɗumi aka sayar mata.

"Wancan da ke tuƙi," ta ce, "a kan buhun masara ya yi karatunsa, injin yana kaɗa masa fensir."

Baba ya ci gaba da tuƙi. Ta madubi na ga idonsa. Sati shida yana tambayar takardu da Kawu da mutanen ofis, wadda ta fi su sani tana zaune kusa da gwiwarsa.

Asabar ta gaba muka yi sammako bayan sallar asuba, cikin sanyi, ba waya. Baturen ya fito da kofin shayi a hannu, ya ga Hajiya da sandarta, ya yi dariya ya miƙo makulli. Baba ya murɗa. Injin ya yi tari. Ya sake murɗawa, ya yi tari irin na tsohon da ya shekara hamsin yana shan taba. A karo na huɗu ya tashi, ya tuttulo farin hayaƙin da na tabbata an hango shi daga Washington. Kawu ya ɓace a ciki, tarinsa kawai muke ji.

Baba ya ce to, wannan ba shi da lafiya, sai a nemi wani dizal ɗin.

"Ke, tambayi wancan, kwana nawa zai hau motar nan a shekara?"

"Baba, Hajiya ta ce..."

"Na ji. Hutun bazara, da ƙarshen mako jefi-jefi."

"Sauran kwanakin fa? Tana bayan gida tana kallon katanga?" Hajiya ta girgiza kai. "Dizal ɗan aiki ne. Nawa, in aka yi hutun salla kwana uku ban tashe shi ba, sai mun yi rigima. In kullum za a yi ta tafiya mai nisa da kaya, a saya. In ajiyewa za a yi, zaman zai kashe shi, ga sanyin garin nan. Mai fita jefi-jefi fetur ne nasa."

Kawu ya fito daga hayaƙi yana taka rawa. "Allah ya ja kwana, Hajiya! Ai na faɗa!"

"Kai kuma sa'a ka taka," in ji ta. "Motarka da ka biyo mu da ita na ji ta. Ka ji tsoron Allah ka canja mata mai."

Aka tashi ta fetur ɗin da sanyinta, ta tashi bugu ɗaya. Hajiya ta ɗora sanda, ta daɗe tana saurare, ta ce lafiyarsa lau, bel ɗaya ne ya saki, a ɗaure. Da na fassara, Baturen ya leƙa, ya taɓa bel ɗin, ya ce in tambaye ta ko tana neman aiki. Wannan kam ban ƙara gishiri ba, haka ya faɗa.

A hanyar dawowa Baba ya rage murya, yana kallon titi, ya ce, "Gaya wa Hajiya na gode. Ba na yau kaɗai ba."

Na buɗe baki zan isar, ta ce, "Na ji. Ba kurma ba ce ni." Ta juya tana kallon taga, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Da aka kawo motar bayan gidan Kawu, Hajiya ta kafa doka: ko na fetur ne, dole a tashe shi duk mako, mai kunne kuma ya saurara. Na ce, "To in kin tafi Kano wa zai saurara?" Na yi kamar tsokana ce.

"Ku? Gidan kurame?" Ta yi tsaki. "Ɗauko min wuƙa."

Da wuƙar ta yanke igiyar akwatin. Rabin kayan ya koma durowar ɗakinmu, rabi ya tafi mota: darduma, tukunya ɗaya, yaji, kuka, da gwangwanin madara wanda ni kaɗai na san abin da ke ciki.

Tafiyarmu ta farko duwatsun Shenandoah muka hau. Motar tana hawa tudu a hankali, har wani mai keke ya kusa wuce mu yana ɗaga mana hannu. Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce da dizal ne da tuni mun kai. Hajiya tana zaune a baya, ta sha shayi kofi uku ba fargaba, tana kallon bishiyoyi.

"Ke," ta ce, "gaya wa wancan ya bar injin ya yi numfashi. Ba inda muke sauri."

Akwatin yana saman kabad yanzu, ba komai a cikinsa. Duk Asabar ni nake murɗa makulli, ita ta ɗora sanda. Kwanan baya ta miƙo min sandar ta ce in saurara. Na saurara da gaske, na ce ban ji komai ba sai gurnani. Ta ce haka ita ma ta fara, in sake ɗorawa.