Hutun Istan da Baba ya zo tafiya da ni

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina budurwa ina aikin buga tafireta a wani ofis a Maiduguri. Ɗaki ɗaya gare ni a unguwar Gamboru, mai rufin kwano, kuma ji nake duk garin babu wanda ya kai ni wayewa. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga ƙauyenmu na kudancin Borno. Baba ne ya sa aka rubuto cewa zai zo lokacin bikin Ista, in haɗa akwatina mu koma tare. Dalilinsa ɗaya ne, wai mace ba ta zama inda ba ta da kowa, don in ta faɗi babu mai ɗaga ta.

Hutun kwana huɗu ne, daga Jumma'a zuwa Litinin. Na ce a raina kwana huɗu sun ishe ni in nuna wa tsohon nan cewa birni ma wurin zaman mutum ne, ba sai na bar garin ba.

Ranar Jumma'a da muka taso daga coci, na kwaikwayi abin da na ga matan Turawa suna yi. Na ɗauki tabarma da filas ɗin shayi da biskit da kifin gwangwani, na kai shi ƙarƙashin itatuwan darbejiya na wajen unguwar Turawa. Bazara ce, iskar ma zafi take hurawa. Baba ya zauna ƙiƙam kamar an kawo shi gaban alƙali. Ya jujjuya biskit a hannu, ya ajiye. Can ya dube ni.

"Wa muke jira ne?"

Na ce ba kowa, hutawa muke yi. Ya ce to, tunda mun huta sai mu tafi. Na naɗe tabarmata, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da safen Asabar na riga na karaya. Na ce masa zan je lambu bayan kasuwa in sayo kayan miya, in yana so ya raka ni. Kogin Ngadda ya ƙafe a lokacin, sai yashi fari, amma masu lambu sun haƙa rijiyoyi a gefe. Mai lambun da nake saya a wurinsa dattijo ne Babarbare. Ɗansa yana aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ni nake karanta masa wasiƙunsa in rubuta amsa.

Muka same shi yana ban ruwa da jigo, wato doguwar sanda mai guga a baki ɗaya da curin laka a ɗaya bakin. Mu mutanen dutse ne, noman damina kaɗai muka sani. Baba ya tsaya yana kallon albasa da tumatir kore shar a tsakiyar bazara, bakinsa a buɗe. Kafin in gama gaisuwa ya tuɓe riga. Gugan farko da ya jawo a kansa ya juye. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, Baba ma ya taya shi, abin da ban taɓa gani ba.

Nan muka wuni. Hausar Baba ta kasuwa ce, ta dattijon ma ba ta fi ta ba, sai na zama tafinta tsakanin Barbarci da yarenmu. Na zauna a inuwar tsamiya, ƙafafuna cikin ruwan da ke bin fangali. Da rana matar dattijon ta kawo burabusko da miyar kuka, aka tono kankanar da aka binne a jiƙaƙƙen yashi, sanyi ƙalau. Baban da ya ƙi biskit ɗina ya suɗe kwano.

Bayan an ci abinci, Baba ya ce in tambayi dattijon yadda aka yi ya san ni. Na tambaya. Dattijon ya faɗi zancen wasiƙu, na fassara ina jin daɗi. Sai ya zarce. Ya ce bara da damina zazzaɓi ya kwantar da ni, kwana biyu ina ɗaki ni kaɗai ba wanda ya sani. Rashin ganina a ranar da na saba zuwa ne ya sa ya aiki matarsa. Ta same ni ban san inda kaina yake ba, ta yi kwana uku tana jinyata.

Wannan ciwon na ɓoye wa mutanen gida, kuma shi ne ainihin abin da Baba yake tsoro. Baba ba ya jin Barbarci ko kalma ɗaya, ya zuba mini ido yana jira. Da a ce na gaya masa dattijon yana yabon rubutuna ne, shi ke nan, babu mai kama ni. Amma matar tana zaune a gabana, na kasa share wahalar da ta sha a kaina. Na fassara duka, har da kwana biyun da na yi ni kaɗai.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya tashi ya koma wajen jigo.

Ranar Lahadi bayan coci shi ya ce mu koma lambu. Litinin ma haka, tun sassafe. Ya ja ruwa, ya yi barcin rana a kan yashi, bai ƙara tayar da maganar ba, ni kuma ban ga fuskar tambaya ba. Kafin mu fito ranar Litinin na riga na haɗa akwatina, ina haɗawa ina hawaye.

Da la'asar za mu yi sallama, sai Baba ya tsaya a gaban albasar da aka bari ta yi fure. Ya ce in roƙa masa iri, zai gwada a fadamar ƙauyenmu. Dattijon ya ce bai nuna ba tukuna, sai nan da wata guda.

"To gaya masa ke za ki zo ki karɓa," in ji Baba. "Ki adana da kyau, ki kawo mini da Kirsimeti."

Na juya na fara fassarawa. Sai da na kai tsakiyar maganar sannan na gane Baba ya bar ni in zauna ke nan, na kasa ƙarasawa. Dattijon ya ce in maimaita, bai ji ba.

Na yi aiki a garin nan har na yi ritaya, na kuma yi hutu iri-iri, amma babu wanda ya kai wannan daɗi. Da daɗewa nakan yi wa 'ya'yana alfahari cewa dabarata ce ta shawo kan kakansu. Gaskiya dabarata tun ranar Jumma'a ta mutu a ƙarƙashin darbejiya. Abin da nake alfahari da shi har yau shi ne, ranar da magana take hannuna ni kaɗai, kuma aikina yake rataye da ita, ban rage mata komai ba. Washegari Baba ya hau mota shi kaɗai, ni kuma na tafi ofis.