Takalmi lamba arba'in da bakwai

Shekarun da nake koyar da wasanni a kwalejin Ƙonni, ni ne kuma mai horar da ƴan basket na gari, wato ƙwallon kwando. Kada wanda ya ji haka ya ɗauka wani babban abu ne. Mutum goma gare ni, da filin siminti guda, da ƙwallo biyu, ɗaya ma kullum sai an yi mata iska. Sai kuma dukiyarmu ta gaske, wadda nake kullewa cikin akwatin ƙarfe ina yawo da makullin a aljihu: takalman wasa ƙafa biyar. Wani Bature malamin lissafi ya bar mana su da zai koma ƙasarsu. Da ƙafa shida ne, ɓera ya gama da na shidan.

Ran horo kowa da takalmin robarsa yake zuwa, wani ma ƙafa tsirara. Amma ran gasa arbit, alƙalin wasa ke nan, ba ya yarda kowa ya taka fili sai da takalmin wasa. Ko da ya yarda ma, simintin nan da la'asar ƙwai za ka soya a kai. To, mutum goma, takalmi biyar. Duk wanda zai shiga, sai wanda zai fita ya cire ya ba shi.

Saboda haka ni canjin ƴan wasata ba da gwaninta nake yin sa ba, da girman ƙafa nake yi. Kowane ɗan benci yana da abokin ƙafarsa cikin biyar ɗin farko, na rubuta su da alli a cikin murfin akwatin. Mai arba'in da biyu ya canji mai arba'in da biyu, ko da ɗaya gajere ne mai gudu ɗaya kuma sanda ce. Arbit kuwa ba ya jiran mai ɗaurin igiya, don haka ba mu canji sai cikin hutun minti ɗaya da mai horarwa ke nema, wanda muke ce wa tanmor. Biyu kacal ake ba ka kafin hutun rabin lokaci, biyu bayansa.

Kai, mun sha dariya a garin nan! Duk Alhamis sai in riƙe agogo in hura usur, abokan ƙafa su zube ƙasa suna fuskantar juna, wannan na cirewa wancan na sawa. Ƴan ƙwallon ƙafa su tsaya bisa kekunansu suna ihu, wai ƴan basket sun koma lakwal, makarantar yara, koyon ɗaurin takalmi. Ban kula su ba. Har muka kai ana gama canji da sauran lokacin shan ruwa.

Mutum biyu ne kawai ba su taɓa yin wannan horon ba, masu lamba arba'in da bakwai.

Na farko shi ne kaftin ɗinmu, ma'aikacin duwan, wato kwastan, da aka turo daga yamma. Dogo, kyakkyawa, hannunsa kamar an auna shi da ragar. Rabin makinmu shi ke ci. Ran da na ce ya zauna a yi horon canji, sai ya yi murmushi ya ce, "Mushe, ni da ba na fita, canjin mi zan koya?" Mushe dai haka suke kira na, kamar ka ce Malam. Na yi dariya na bar shi. Wannan dariyar tawa ita ta jawo komai.

Na biyu mutumin Tsarnawa ne, magidanci, ya girmi kaftin da ƴan shekaru. A tasha na gan shi yana ɗaga buhun albasa yana cilla shi saman babbar mota kamar matashin kai. Na tsaya baki buɗe, na ce wallahi wannan nawa ne. Na lallashe shi har ya yarda. Sau uku a mako yake taka keke daga Tsarnawa, ya yi horo, ya sake taka ta ya koma. Da farko ƙwallo a hannunsa kamar garwashi, da ta zo sai ya yar. Amma ya koya. Cikin shekara guda, in ƙwallo ta bugi allo ta dawo, ba mai taɓa ta in yana wurin.

Shekara biyu ke nan, kuma bai taɓa taka fili ran gasa ba, ko na daƙiƙa ɗaya. Mun nemi takalmi lambarsa a kasuwar Ƙonni, mun aika har ƙetaren iyaka, babu. Ƙafarsa ba ta shiga ko ɗaya sai na kaftin, kaftin kuwa ba ya fita. In mutumin Tsarnawa ya tambaye ni sai in ce, "Ka yi haƙuri, matsalar takalmi ce." Ƙarya nake yi. Tsoro nake ji, tsoron fitar da kaftin mu sha kashi gari ya cinye ni ɗanye.

Wata Alhamis bayan horo mutumin Tsarnawa ya tsaya har kowa ya watse. Yana riƙe da kekensa, bai dube ni ba.

"Mushe, ran Lahadi zan zo. Daga ita shi ke nan."

"Subhanallahi! Mi ya faru?"

"Ba komai. Mai ɗakina ce ta ce in dai zama ne, akwai tabarma a gida."

Kunya ta kama ni, don na san ba matsalar takalmi ba ce. Ya hau kekensa ya tafi.

Ran Lahadi ƴan Illela muka karɓa. Tabɗi! Ban taɓa ganin filin nan ya cika haka ba. Ɗalibaina sun zagaye shi, masu sai da ƙosai da ruwan sanyi sun kafa tirensu, wasu samari sun haye katanga, har da mai kalangu wanda ba wanda ya gayyato shi. Aka fara, kaftin ya shiga zuba musu ƙwallo ta ko'ina. Duk wadda ya jefa sai kalangu ya amsa. Ni kuma ina bakin fili ina tsalle ina ihu har muryata ta dushe. Aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba.

Da aka dawo sai labari ya canza. Ƴan Illela suna da wani ƙato mai faɗin ƙirji, suka kafa shi ƙarƙashin raga. Duk ƙwallon da ta dawo daga allo, tasa ce. Kaftin ya gaji, ina ganin yadda yake dafa gwiwa, tsallensa ya ragu. Da gajiya ta yi masa yawa sai ya koma riƙe riga, arbit ya hura masa laifi na uku, ya hura na huɗu. Saura ɗaya a kore shi. Na riga na kashe tanmor ɗaya wajen canjin masu arba'in da biyu. Saura minti shida, suna gabanmu da maki uku, tanmor ɗaya ya rage min. In na fitar da kaftin da shi, ya fita ke nan har a tashi, don babu sauran hutun da zai sake sa takalmi.

Na waiga benci. Duk suna tsaye suna ihu, ban da mutumin Tsarnawa. Yana zaune da takalmin robarsa, butar ruwa tsakanin ƙafafunsa. Ba wasan yake kallo ba ma, kekensa yake kallo inda ya jingine shi jikin dogonyaro.

Ban san lokacin da na ruga teburin masu agogo ba. "Tanmor! Tanmor!"

Ƴan wasata suka taru kaina suna haki. Na nuna ƙafar kaftin na ce, "Cire."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Mushe, lafiya kake kuwa? Yanzu?"

"Yanzu! Cire, na ce!"

Ƴan kallo na kusa suka ji, magana ta zagaye fili nan take. Wani daga kan katanga ya ƙwala, "Mushe ya haukace!" Wani ya ce an saye ni da buhun albasa. Kalangu ya yi tsit. Kaftin yana tsaye hannu a ƙugu, agogo na tafiya. Wallahi na ce yau kashina ya bushe a garin nan.

Sai kaftin ya juya ya dubi mutumin Tsarnawa. Shi kuwa ya riga ya cire robarsa, ya miƙe ƙafafu yana jira. Ban san abin da kaftin ya gani a fuskarsa ba. Na dai ga ya zube ƙasa, ya fizge takalman ya tura masa. Amma fa ba su taɓa yin horon nan ba! Mutumin Tsarnawa ya zura ta hagu, ta dama ta ƙi, harshen takalmin ya naɗe ciki, igiya ta ƙulle. Yatsun da ke cilla buhu sun kasa kama igiya. Mai agogo ya ɗaga hannu.

"Bari, bari, ɗauke hannunka!" in ji kaftin. Ya durƙusa a gabansa, gwiwa bisa simintin nan mai zafi, ya warware ƙullin da haƙori, ya ja, ya ɗaure, ya buga masa cinya. "Tashi! Ƙaton nan nasu, kada ka bar shi ya sha iska."

Usur ya tashi daidai lokacin da ya miƙe.

Ƙwallon farko da aka miƙa masa ta sulale tsakanin hannuwansa ta fita waje. Fili duka ya ce "Wayyo!" Na rufe fuska. Amma da ƴan Illela suka jefa ta bugi allo, sai na ga mutum ya tashi sama kamar an ja shi da igiya, ya cafke ta da hannu biyu, ji kake ɗas! Kafin ya sauka da kyau ya cilla ta tun daga wannan raga har waccan, irin cillin tasha, ta faɗa hannun wani ɗan wasanmu, ɗan ƙaramin nas na asibiti mai gudun tsiya, ya zura. Allahu Akbar! Kalangu ya farka. Mutumin da ya ce na haukace shi ne ya fara faɗowa daga katanga don murna.

Daga nan ƙaton Illela bai sake ganin ƙwallo ƙarƙashin raga ba. Ya tura, ya ture, kamar mai ture ginin ƙasa. Mutumin Tsarnawa ya cafke, ya cilla, ya sake cafkewa. Kaftin kuwa, ƙafa tsirara a bakin fili, yana tsalle yana canza ƙafa saboda zafi, ya ƙwace min aikina: "Hagu! Koma baya! Yauwa, yauwa!" Muka kamo su, muka wuce. Dab da tashi aka yi wa mutumin Tsarnawa laifi, aka ba shi jifa biyu. Ta farko ko ragar ba ta taɓa ba, har shi kansa ya yi dariya. Ta biyu ta bugi allo, ta yi rawa a bakin ƙarfe, ta faɗa. Maki ɗaya ya ci a ranar, kuma ban taɓa jin an yi wa maki ɗaya irin wannan ihu ba. Muka tashi muna gaba da uku.

Ɗalibai suka cika fili, aka ɗaga ni sama har hulata ta ɓata. Da aka sauke ni sai na hango mutumin Tsarnawa gindin dogonyaro. Ya cire takalman, yana goge su da bakin rigarsa, a hankali, har ƙasansu. Ya kawo su gaban kaftin ya ajiye da hannu biyu. Sannan ya miƙo min hannu.

"Mushe, na gode. Allah shi saka da alheri. Sai wata rana."

Murnata ta tsinke. Mi zan ce masa? Shekara biyu ya ba ni, na ba shi minti shida. Na riƙe hannunsa na kasa saki.

Kaftin ya sunkuya ya ɗauki takalman, ya ƙulla igiyoyinsu wuri ɗaya, ya rataya su a ƙahon keken.

"Yaya," ya ce masa, kuma ran nan na fara jin ya kira shi haka, "kai su gida uwargida ta gani. Ran Talata ka dawo da su, kuma ka zo da wuri mu koyi canjin nan. Ka ga yau da haƙori na fitar da mu kunya."

Dokata ce takalman nan ba su kwana waje da akwati. Makullin yana hannuna a lokacin. Na mayar da shi aljihu.

Mutumin Tsarnawa ya dubi takalman, ya dubi kaftin. Ya hau kekensa, takalman suna lilo a gaba, ya bi hanya.

Ran Talata tun kafin la'asar na je fili. Na zauna bisa akwatin ina duban titi. Ƴan wasa suka zo ɗaya bayan ɗaya, kaftin ya zo, ba wanda ya taɓa ƙwallo. Manyan motoci suka wuce, amalanke ta wuce, keke biyu suka wuce, ba shi ba ne. Na duba agogo har na gaji da dubawa. Sai nas ɗinmu ya yi ihu yana nuna hanyar gabas.

Ga shi nan tafe, yana taka keke da ƙarfi, takalman rataye a wuyansa. Sun yi fari fat, tun zamanin Baturen ban ga sun yi haka ba. Ya sauka yana haki, ya ciro su ya miƙo min, yana ɓoye murmushi.

"Mushe, ka yi haƙuri na makara. Ita ce ta wanke su, ta hana ni tahowa sai da suka bushe."