Ranar da Aka Jefa Baba Buntan a Taɓo

Surukina, Baba Buntan, shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa wa ƙauyenmu roka, ko sau ɗaya ba a taɓa jefa shi a taɓo ba. Ku tambayi kowa daga nan har birnin Yasothon. A wurinmu, in rokarka ta fashe ko ta ƙi tashi ranar bikin roƙon ruwa, cak za a ɗauke ka a wurga cikin laka, 'yan ƙungiyarka su bi ka su faɗa. Mai gari ma ya sha ta sau biyu. Baba kuwa da farar riga yake zuwa, da ita yake komawa gida.

Gajeren mutum ne, manomin shinkafa kamar kowa, magana sai ta kama. Kunnensa na hagu ya daɗe da toshewa saboda ƙara. Gawayin da yake haɗa albarushi da shi, da hannunsa yake ƙonawa. Kaɗan-kaɗan yake zuba albarushin a bututu, a danne da jak ɗin mota, a sake zubawa, har sati uku. In ka yi masa zancen sauri, sai ya miƙo maka curin shinkafa mai danƙo, wai ka ba bakinka aiki.

Ni ne Prayun, mijin 'yarsa Bualai. Shekara goma sha biyu na yi ina tuƙin tasi a Bangkok, na dawo gida da tumbi da dogon baki. Na kalli rokoki a waya, don haka a ganina babu abin da ban sani ba. Kai, wauta dai ba ta da magani.

A shekarar da nake ba ku labari, yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya tara mu, mu shida 'yan ƙungiyarsa, ya ce wannan ce rokarsa ta ƙarshe, yana so ya sauka da sunansa fes, daga nan ni zan gaje shi. Ya sa mata sunan marigayiya matarsa, Amkha.

Akwai rami da ake hudawa a tsakiyar albarushin. Kafin a ɗora roka a kan tsanin da ake harba ta, sai an wanke ramin nan: a jiƙa tsumma, a ɗaura a sanda, a zura a zaro, don kada wuta ta cinye komai lokaci guda. Baba sau bakwai yake yi, kuma bai taɓa barin wani ya yi masa ba. Ran nan da hantsi hannunsa yana rawa, sai ya miƙo mini sandar a gaban kowa.

"Bakwai, ɗana," in ji shi. Ya tafi gaida malaman haikali.

Sau uku na yi. Rokar maƙwabtanmu ta riga ta tashi, ta yi daƙiƙa ɗari biyu da casa'in kafin ta faɗo, ga mai haɗa musu, Suphit, yana ta yi mini shaƙiyanci, wai direba a kunna mita, wai tamu ko kan rufin haikali ba za ta wuce ba. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina busasshen albarushi ai ya fi ƙarfi, tsoho ne kawai yake tsoro. Na jefar da tsumman, na ce an gama.

Amkha ko taku ɗaya ba ta yi sama ba. Ta yi wani irin tari, sannan ta tarwatse a kan tsanin, gutsattsarin shuɗin bututu har cikin gonar mai gari. Ba wanda ya ji rauni, wannan kaɗai nake godewa.

Samarin da ke jefa mutane suka tsaya cirko-cirko, kowa yana jin nauyinsa. Baba da kansa ya cire takalmi, ya ce al'ada ce, ba a yi ta don wasu ban da wasu ba. Suka ɗauke shi. Mutum biyar na ƙungiyarmu suka bi shi tsulum-tsulum, makaɗa suka ɗauka, aka koma dariya. Ni fa? Ina bayan mai gasa kaji, na sunkuya wai ina neman takalmina, alhali yana ƙafata. Daga nan nake jin mata suna cewa ai tsufa ne, ido ya tafi hannu ya bi shi. Na bar laifin a kansa. Har yau in na tuna, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sati uku ina fama da abin a raina. Ruwa ya sauka, muna dashen shinkafa ni da shi, na zagaya ta wajen kunnensa na dama, na faɗa masa duka.

Bai ɗago ba. Ya dasa wanda ke hannunsa tukuna.

"Na sani tun daga tarin da ta yi," in ji shi. "Taɓo kuma ba komai ba ne, a cikinsa na tsufa. Amma da nake kwance a ciki, kawuna nake ƙirgawa. Na samu biyar. Ina ta jiran na shida."

Bai gaya wa kowa ba, har Bualai. Ya ba ni jak ɗin da ma'aunansa kamar yadda ya yi alkawari, bayan shekara biyu ya rasu. Yanzu ni nake haɗa wa ƙauye roka, ana ta yabona. In hira ta biyo ta kansa, sai wani ya girgiza kai ya ce kash, da tsohon ya haƙura tun kafin ta ƙarshen nan. Bara a gaban Bualai aka faɗa, ta sunkuyar da kai, ni kuma na gyaɗa nawa.