Daren da Kaka Ta Shiga Jirgi

Akwai wata ƙara da ruwa yake yi idan yana dukan cikin jirgin katako da aka ɗaure a bakin gaɓa, ɓal, ɓal, a hankali. Idan kai mutumin tudu ne, ba lallai ka taɓa kula da ita ba. Ni kuwa duk ranar da na sauka bakin ruwa a Yelwa sayen kifi na ji ta, sai in tsaya da kwando a hannu, har masu kifi su fara tsokanata, wai Hajiya kallo ta zo ba ciniki ba. Ba su san Kakata nake tunawa ba, matar da ban taɓa ganin mai tsoron ruwa kamarta ba.

Kaka, wadda ta haifi Innarmu, 'yar kan dutse ce. Aure ne ya sauko da ita ƙauyenmu, kuma lokacin da ta zo ruwan yana can nesa. Tana ji tana gani aka tare kogi, ruwa ya taso ya cinye musu gonakin fadama, har ya zama kawunan giginya kaɗai ake hangowa. Tun daga nan ta ɗaura gaba da shi. Ko sunansa ba ta kira, sai dai ta ce “wancan abu.” Idan biki ya kama a tsallake, ta aika da gudummawa ta yi zamanta a gida. Sai ga ikon Allah, 'yarta mace guda ɗaya ta auri masunci, irin waɗanda ke bin kifi daga wannan tunga zuwa waccan a tsibiran tafki.

Abin da aka san Kaka da shi kuwa shi ne yaye. A wancan zamani idan yaro ya isa a cire shi daga nono, gidan kakarsa ake kai shi, uwa ta sulale ta tafi, kaka ta sha kukan. To a wannan fanni Kaka ba ta da na biyu, kuma ta san da haka, don ba ta ɓoye alfaharinta. Jikoki nawa suka bi ta hannunta! Kwana kaɗan yaro zai yi rigima, ta cika shi da kunun gyaɗa da goyo, sai ka ga ya manta da uwarsa. Ni ma a hannunta aka yaye ni, kuma daga yayen ta riƙe ni, ban koma tunga ba sai dai ziyara.

A shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ana cikin girbin gero, tafki ya cika ya batse, aka kawo ƙanena. Ina da wayona sarai lokacin, don ni ke yi wa Kaka wanke-wanke da ɗebo ruwa. Yaron ya fara tafiya ke nan, ƙato da shi, baƙi sumul. Inna ta samu wani ciki, kuma kowa ya yarda nonon mai ciki ciwo ne ga yaro, saboda haka babu zancen a mayar da shi. Ta ajiye shi yana wasa da ludayi, ta fice ta bayan rumbu tana share hawaye da bakin zane. Ni dai murna ta ishe ni. Na daɗe ina kallon ƙawayena da ƙannensu a baya, yau ga nawa Allah ya kawo mini har gida.

Wayyo, ashe ba mu san abin da aka kawo mana ba. Da rana lafiya lau, ko da yake ba ya cin abin kirki. Amma da zarar an yi sallar isha'i an kwantar da shi a tabarma, sai ya sandare ya fasa ihu. Ba kukan shagwaɓa ba, kukan firgita, yana dafe ƙasa da hannu biyu yana waige-waige. Kaka ta goya shi, ta yi jijjiga, ta yi waƙa da yarensu na kan dutse, ya ɗan lafa, tana sauke shi ya dasa sabo. Haka za a yi ta yi har zakara ya yi cara. Maƙwabta suka fara gaishe mu da “ina gajiyar dare,” suna dariya ƙasa-ƙasa.

Babu abin da ba a gwada ba. Aka karɓo rubutu, aka yi masa hayaƙi, aka ɗaura masa laya a wuya. Wasu suka ce nono yake nema, wasu suka ce ya yi gamo ne a kan ruwa. Yaro dai sai ramewa yake yi, wuyansa ya zama siriri, idanu suka faɗa. Kaka ma ta rame. Ina ganinta tana gyangyaɗi a bakin murhu, muciya a hannu.

Ranar kasuwa Baba ya zo da kifin sayarwa, ya ga ɗansa. Bai ce wa Kaka komai ba, don surukuta ba ta bari su yi doguwar magana. Kawu, ƙanen Inna, shi ya ja gefe ya ba shi saƙo. Ya ce in kasuwa ta zagayo yaron bai daidaita ba, zai ɗauke shi ya kai wa yayarsa, Gwaggonmu, can wajen Ngaski, ita ta riƙe shi. Na san abin da wannan ke nufi. Wanda Gwaggo ta riƙa ya zama nata, sai dai mu riƙa ganinsa daga salla sai salla. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka mai isata. Kaka kuwa da Kawu ya isar mata, sai ta ci gaba da tsince wake.

Washegari muka tafi wanki bakin ruwa. Kamar kullum Kaka ta tsaya can ƙarƙashin wata tsamiya, inda ko feshin ruwa ba zai same ta ba. Ƙanena ya dame ni da riƙe zane, na rasa yadda zan yi, sai na ɗauke shi na saka a cikin wani tsohon jirgi da ke ɗaure a wurin, a kan tulin koma, wato ragar kamun kifi. Na juya na cuɗa zane ɗaya, na waiwayo. Wallahi yaron nan ya yi barci, baki buɗe, hannu a shimfiɗe, da rana tsaka. Na ruga na gaya wa Kaka. Ta miƙa wuya daga inda take, ta daɗe tana kallo.

“Ke ɗiyata, can tunga ina wanga yaro yake kwana?”

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk zuwan da na yi tunga, da yamma Inna ke bin Baba zuba koma, ita ke riƙe filafilin tuƙi a baya, yaro yana kwance a tsakiyar jirgi, kuma a kan ruwa suke kwana har asuba. Tun da aka haife shi bai taɓa yin barcin dare a kan abin da ba ya motsi ba.

Kaka ta tafa hannu. “Ashe ba nono ba ne. Ƙasa ce yake tsoro, don ta tsaya cik.”

Da yamma ta aiki Kawu ya aro jirgin nan wurin mai shi, ya toshe inda yake yoyo, ya ja shi wani lungu da babu kowa. Kawu ya ce shi zai kwana da yaron a ciki, ita ta huta. Ta harare shi.

“A hannunka aka ba da shi ko a hannuna?”

Gaskiyarta ce, don yaron ba ya yarda da kowa da dare sai ita. Bayan magariba muka sauka mu huɗu. Kawu ya ɗaure jirgin gaba da baya a inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ya hura wuta a gaɓa saboda sauro da dorina. Kaka ta zo bakin ruwa da goyo a baya ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Ta karanta duk abin da ta sani, har da wanda ban taɓa ji ba. Sannan ta runtse ido, ta damƙi kafaɗata, ta ɗaga ƙafa. Jirgin ya ɗan karkata, faratanta suka shige mini fata har jini ya fito, amma ban yi ƙara ba, don na ga fuskarta. Ta zauna a tsakiyar jirgi, ta leƙa gefe ta amayar da tuwon da ta ci, ta goge baki, ta kwance goyo ta kwantar da shi a kan koma.

Ya yi 'yar ƙara ɗaya, ya shinshina komar, ya cusa fuska a ciki. Ruwa yana ta ɓal, ɓal. Shi ke nan.

Ni ma barci ya kwashe ni a gefensa. Da na farka gari ya yi fari, masunta suna dawowa can nesa, Kaka tana nan zaune yadda na bar ta, hannu biyu a kan bakin jirgi, ido jajur. Sai da Kawu ya ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Yaron bai motsa ba sai da rana ta fito. Yana tashi ya kama ƙwaryar kunu da hannu biyu ya shanye tas, ya miƙa a ƙara.

Da wata ce ta samu wannan, sai ta ce an gama. Kaka ta ce ita ba ta ga ta zama kwaɗo ba, yaro ne zai koyi tudu. A nan na ga gwaninta. Dare na gaba ta sa Kawu ya jawo goshin jirgin kan yashi, gindinsa kaɗai ke ruwa. Bayan nan aka fito da shi gaba ɗaya, aka saka masa gungumen ice a ƙasa, tana zaune a kan yashi tana taka shi da ƙafa yana lilo, ga ƙarar ruwa a kusa. Da ya saba, samari suka kinkimo jirgin har tsakar gida, yara suna binsu da ihu, aka ajiye a ƙarƙashin rumfa. Kullum tana rage jijjigar, har ta daina. Wani dare ya yi tawaye, ta koma ta taka masa, ba ta ji kunyar komawa baya ba. Daga ƙarshe ta yanki wani yanki na tsohuwar komar ta shimfiɗa a kan tabarmarta a ɗaki, aka mayar wa mai jirgi da jirginsa.

Kasuwa ta zagayo ana tsakiyar wannan aiki. Baba ya shigo da shirin tafiya Ngaski, ya tarar da jirgi a tsakar gidan surukarsa, ɗansa a ciki da ƙullin tuwo a kowane hannu. Kawu ya raɗa masa yadda aka yi. Baba ya san Kaka, ya san ita da wancan abu. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa nesa da ita, ya daɗe kansa a ƙasa. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, “Allah shi saka da alheri.” Ba a sake ta da zancen Gwaggo ba. Ranar na goya ƙanena na zaga ƙauye kaf, har gidajen masu yi mana ina gajiyar dare, ina tafiya ina ɗaga kai.

Kaka ta tara mu, ni da Kawu da Baba, ta ce zancen jirgi a tsakar gida kowa ya gani, amma zancen ta kwana a kan ruwa kada ta ji shi a bakin kowa. In aka ji, gobe za a ce ta tsallaka biki tunda ta taɓa shiga. Muka riƙe mata. Ba ta kuma sake shiga jirgi ba har ta bar duniya.

Ƙanena ya girma a ɗakinta, ya zama mai jirgin inji, yana ɗaukar mutane daga Yelwa zuwa tungaye. Ranar da ya sayi jirginsa na farko ya zo ya roƙe ta ta shiga ko a ɗaure ne, ta sa masa albarka. Ta ce, “Maigidana, albarka daga nan ma tana isa.” Ya yi dariya, amma abin ya tsaya masa a rai shekara da shekaru. Ranar da aka yi sadakar bakwai ɗinta muna zaune ni da shi, ya ce shi abu ɗaya ke damunsa, duk son da Kaka take cewa tana yi masa, ba ta taɓa yarda ta shiga jirgi saboda shi ba.

Na ga alkawari ya ƙare tunda mai shi ta tafi. Na ba shi labari tun daga tsamiya har zuwa yatsun da aka ɓamɓare.

Ya ce, “Yaya, har gari ya waye?”

Na ce, “Har gari ya waye.”

Ya tashi ya sauka bakin ruwa. Yaransa sun ce ranar bai tayar da inji ba, ya zauna a cikin jirgin a ɗaure har aka kira magariba.

Yanzu ba kasafai ake kai yaro yaye gidan kaka ba. Kwanaki na je gidansa na ga matarsa ta kunna wa jaririnta ƙarar ruwa a waya ta ajiye kusa da kansa, kuma ya yi barci. Zamani ya sauƙaƙa abin, ba wanda zai runtse ido ya ɗaga ƙafa. Ni dai na gode wa Allah da ya sa kafaɗata ce aka dafa a daren nan. Tabon faratan ya daɗe a jikina kafin ya ɓace, kuma har yau idan ina wanka nakan shafa wurin, ko zan ji shi.