Rubutun da Ya Ƙi Wankuwa

Har yau in na ɗauki takarda da ɗuminta daga injin fotokofi, wannan ɗan ƙaurin sai ya tuna mini kakata.

Kakana malami ne a Matameye, duk jikan da zai shiga jarrabawa sai ya sha rubutunsa. Da ya rasu, takarda ɗaya tak ta rage da rubutun hannunsa, kakata ta naɗe ta a tsumma cikin kwalla. Bazarar da zan yi jarrabawar satifika ta gama firamare, tsohuwa ta rasa yadda za ta yi. In ta wanke ta ba ni, hannun mijinta ya tafi ke nan. In ba ta wanke ba, a ganinta na faɗi na gama.

Sai ta ji wani Alhaji ya kawo inji kusa da tasha, wai mai haihuwar takarda. Ranar kasuwa ta ja ni muka je, ta sa aka buga mata har biyar, wai har da na ƙannena. Muka dawo tana taƙama ta samu mafita.

Ta jiƙa guda a ƙwarya. Shiru. Ta cuɗa, ta ƙara ruwan ɗumi, takarda ta dagargaje, ruwa kuwa fari tas. Muka koma.

"Alhaji, tawadarka ta ƙi fita."

"Iya, ai ba tawada ba ce. Gari ne, zafi ke manne shi."

Mushenmu na lakwal, wato malaminmu na boko, da ke jiran a buga masa nasa takardun, ya tsoma baki. Ya ce Nasara na kiran aikin zerografi, daga harshen Girka, ma'anarsa busasshen rubutu. Kakata ta dube shi sama da ƙasa.

"To su Girkawan me suke sha?"

Mushe ya juya ya miƙa wa Alhaji takardunsa.

Da safen jarrabawa ta kwance tsumman. Ta daɗe tana kallon takardar kafin ta tsoma ta, nan take ruwa ya yi baƙi. Na shanye ina yamutsa fuska, ita kuwa ta juya baya tana gyaran murhun da babu wuta.

Na ci, da ƙyar. Ta ce da ƙyar ɗin ma na Malam ne.

Yanzu injin ya cika gari, ko yaro ba ya waiwayarsa. Ni kuwa sai da na girma na gane abin da na sha, kuma har yau yana sosa mini rai. Huɗun da suka rage suna wurina, a kansu na san hannun kakana. Na taɓa ce mata ta mai da guda cikin kwalla, ai duk ɗaya ne. Ta ture hannuna.

"Riƙe abinka, ɗan nan. Waɗannan Malam bai taɓa su ba."