Cajar da Aka Auna a Hannu

Akwai abin da ba zai fita raina ba har a sa ni a ƙasa. Ya faru ne shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta, ba a daɗe da kafa mana pano mai jan wutar rana ba, Yayata tana kwance ciwon ajali.

A gidanmu babbar 'ya ake ba wa labarin asali. Yadda kakanninmu suka gangaro daga arewa, rijiyoyin da suka haƙa, wa ya haifi wa, kirarin kowa, duk a bakin Yaya yake. Ni ma a wajen labari ba a gaba da ni, duk Damargu an san bakina ko da ban taka lakwal, makarantar boko, ba, amma wannan ba ni aka ba wa ba. Ita kuma Allah bai ba ta 'ya mace ba.

Sai jikata, takwarar Yaya, mai karatu a Damagaram ta taho da kwamfutarta don ta ɗauki muryar, saboda wayarta 'yar ƙarama ce. Garin sauri ta baro cajar a can. Ubanta, wato ɗana, ya kai ta kasuwar Tanut. Aka fito musu da caja biyu, kowace bakinta ya shiga, kowace an buga mata babbar lamba a baya. Ɗana ya ɗora su a tafin hannu ya jinjina.

"Wannan ba komai a cikinta. Ba mu mai nauyin."

"Baba, ai ba gatari ba ne."

"Ke dai yi karatunki, sayen kaya ki bar mini."

Mai shago ya jona, 'yar fitila ta kama, suka taho. Ban taɓa ganin laifin ɗana ba. Haka muke sayen komai, damin gero ne ko taɓarya, a hannu ake jin gaskiyarsa.

Da hantsi muka taru a ɗakin Yaya. Aka jona kwamfutar a batirin pano. Yaya ta dube ta, ta yamutsa fuska.

"Takwara, juya mini abin nan. Ba na zance ana zare mini ido."

Aka juya fuskarta ga bango. Kuma al'adarmu, in an fara labarin asali ba mai tashi, ba mai tari da ƙarfi. Yaya ta fara. Matar da ko kunu ba ta iya haɗiyewa sai ga murya ta dawo mata garau. Ta kira sunayen da ban taɓa ji ba, ta yi wa uwarmu kirari har na ji tsigar jikina ta tashi. Na ɗan ji ƙaurin roba, amma wa zai katse ta? Fitilar cajar ma tana nan a kunne, ina hango ta. Yaya ba ta tsaya ba sai da aka kira azahar.

Yarinyar ta juyo kwamfutar, fuskarta baƙi ƙirin. Ta danna, ta sake dannawa. Ta taɓa cajar, ta janye hannu don zafi. Ashe tun da nisa kwamfutar ta mutu, kuma ta mutu kafin a adana abin da ta ɗauka.

"Ya shiga?" in ji Yaya.

Yarinyar ta dube ni, na kawar da kai.

"Bai shiga ba, Kaka."

Yaya ta ce, "To. Gobe, in mun kai."

Gobe ta zo, harshenta ya yi nauyi. Cajar gaskiya da ta baro a Damagaram ta iso a motar kasuwa muna zaman makoki.

Daga baya mai gyara a Damagaram ya fasa waccan a gaban jikata. Guntun ƙarfe ne aka manna a ciki don ta yi nauyi. Ya ce lambar bayanta ado ce, wutar da take bayarwa ta ishi waya, amma kwamfuta mai aiki ta fi ƙarfinta. Tana ɗiga mata kaɗan kaɗan, ita kuwa tana sha da yawa, har batirin ya ƙare alhali fitila na ci. Ya ce shigar baki ba shi ne dacewa ba.

Mun zauna mun haɗa abin da kowa ya riƙe. Ni na fi kowa, duk da haka kakanni sun yanke mana a tsakiya. Kowa a ɗakin ya saki kunnensa, yana ganin ƙarfe na riƙe masa.

Cikin waɗanda suka zauna a ɗakin nan, saura ni, da ɗana, da jikata da ke koyarwa yanzu a Belbeji. Abin da na koya shi nake gaya wa yara: in za ku sayi caja, ku kai na'urar, ku sa ta aiki, ku tsaya ku ga batirin na hawa ko sauka. In kuma tsoho ya buɗe baki, ku saurara kamar ba abin da ke ɗauka sai ku.